Gadon da Ke Bayan Ɗakin Tuƙi

Daga Yaya zuwa ga Dogo

Assalamu alaikum, Dogo.

Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da Gwaggo. Ka ce ƙafarta ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani. Na ji daɗi. Ka gaishe ta, ka ce mata ɗan wanta bai manta da ita ba, aiki ne ya haɗiye shi. Ni ma lafiya, in ka cire bayan nan nawa, wanda ya zame min maƙwabci mai ƙorafi: ba ya ƙaura, ba ya yin shiru.

Na sami wasiƙarka a akwatina na ɗakin ma'aikata, wani matuƙin kamfaninku da ya kwana a nan ya ajiye. Na yi mamakin ganin takarda, sai da na karanta na gane kwamitinku ne yake son amsa a rubuce da sa hannu. Ni ma ta fi min waya. Duk lokacin da ka kira, ko ina sama ko ina kokawa da barci, kuma a waya bakina yakan riga hankalina.

Ga abin da na fahimta. Kamfanin gida, wanda ya sallame ni lokacin da ya rage ma'aikata har na fito neman aiki a nan, yanzu ya farfaɗo, zai fara dogon zango. Yana zaɓe tsakanin jirage biyu: tsohon nan da muke kira Giwa, wanda nake tuƙawa tun da na zo ƙasar nan, da sabon fari da kuka sa wa suna Balbela. An kafa kwamitin matuƙa ya ba da shawara, kuma kai ne shugaba. Kai, Dogo. Yaron da ya yi amai a cikin jakata ranar da na fara ɗaga shi sama a ƙaramin jirgi. Madalla. Da gaske nake, ko da yake sai da na ajiye takardar na sha ruwa kafin in ci gaba.

Ka tambaye ni abu biyu, ɗakin tuƙi da ɗakin hutu.

Ɗakin tuƙin Giwa ba a yi irinsa ba. Mutum yana miƙewa tsaye a ciki, har kai ma da wannan tsawon naka na banza. Tagoginsa manya ne, kana ganin titin sauka ba sai ka miƙa wuya ba. Kujerar tana ja baya sosai, akwai wurin ajiye jaka a gefe, akwai inda kofin shayi yake zama ko ana girgiza bai zube maka a wando ba. Sitiyarinsa yana gaya wa hannunka gaskiya. In iskar gefe ta taso lokacin sauka, kana jin ta a tafinka kafin na'ura ta ce uffan. Na sauke shi cikin ruwan da ko fitilun titi da ƙyar ake gani, ya zauna kamar an ajiye shi da hannu biyu. Balbela ban taɓa tuƙa ta ba, ba zan yi mata ƙazafi ba. Na dai leƙa ɗakin tuƙinta sau ɗaya, na ga duk allo ne, kamar shagon sayar da talabijin.

Ɗakin hutu kuwa, gado ne. Ana kwanciya, ana tashi.

Maman Auta ta gaya min kai ka kawo mai gyaran famfo, kai ka tsaya a kansa har ya gama, kai kuma ka kai Auta gwajin ido. Na gode. Me ya sami idon nata? Ba wanda ya gaya min. Yanzu labarin gidana sai ya biyo ta hannunka yake isowa, kamar kayan da aka canza wa jirgi.

Yayanka.

Daga Dogo zuwa ga Yaya

Wa alaikumus salam, Yaya.

Muna lafiya duka. Gwaggo ta amsa, ta ce in ka tashi aiko da gaisuwa ka haɗo da fuskarka. Maganar aman nan kuma, shekara nawa za ta yi tana bi na? Yarana sun girma, suna iya karatu.

Na karanta wasiƙarka a gaban kwamiti, ban da wurin aman. Kafin nan an rabu biyu. Matasa na son Balbela don sabuwa ce, shugabanni na son Giwa don hayarsa ta fi sauƙi, kuma ba ko ɗaya cikinmu da ya taɓa yin dogon zango a ɗayansu. Da na kai inda ka ce sitiyari yana gaya wa hannu gaskiya, wani tsohon kyaftin da ya san ka ya buga tebur ya ce wannan maganar matuƙi ce. Yanzu yawanci sun karkata wajen Giwa.

Ga abin da ya sa na ƙagu in rubuto. Bayan taron, manajan ayyuka ya ja ni gefe ya ce, “Wannan yayan naka, zai dawo?” In an ɗauki Giwa suna bukatar kyaftin masu lasisinsa, waɗanda suka daɗe a kansa, su horar da mu. Sunanka ne na farko da ya rubuta. Za ka dawo gida, Yaya, ka ƙarasa shekarun da suka rage maka kana kwana a ɗakinka. In Balbela ce kam, kai ma ka sani, a shekarunka ba wanda zai zaunar da kai a aji.

Idon Auta lafiyarsa lau. Gwajin lafiyar masu neman koyon tuƙi ne. Ta nemi shiga cikin ɗaliban da kamfani zai horar, ta roƙe ni kada in faɗa maka sai ta tabbata, wai in ta faɗi ba za ta iya jin muryarka ba. To, ba ta faɗi ba. An ɗauke ta. Ban sa mata baki ba, ranar tantance ta ma fita na yi daga ɗakin. Ga hotonta na haɗo maka. Hulata ce a kanta, taka da ke kan kabad ta yi mata girma, tana rufe mata ido.

Ka yi murna, Yaya. Abu biyu ne masu daɗi a ambulan ɗaya.

Ƙanenka, Dogo.

Daga Yaya zuwa ga Dogo

Salam, Dogo.

Lafiya lau. A gaida Gwaggo.

Na ga hoton. Ta yi kyau. Hular ma ta zauna daidai, kamar don ita aka ɗinka.

'Yata ta zaɓi aikina, ni ne na ƙarshe da ya ji. Uwarta ta sani, Gwaggo ta sani, na tabbata mai gyaran famfo ma ya sani. Tana tsoron muryata, amma taka ba ta tsoro. Tana ƙarama ni nake ɗora ta a wuya mu tsaya bakin shingen filin jirgi, ina gaya mata sunan kowane da ya tashi. Kai a lokacin kana fama da jarrabawar da ka faɗi sau biyu. Ban taɓa gaya wa kowa ba, yanzu ma kai kaɗai nake tuna wa.

Sai kuma maganar aji. “A shekarunka ba wanda zai zaunar da kai.” Na karanta layin nan har ya kusa gogewa. Wato kaina ya daina ɗauka ke nan? Duk wata shida ake saka ni a na'urar gwaji, a kashe min inji, a kunna min wuta, a cire min wannan a lalata wancan, ina fitowa da sakamakon da yaran nan suke roƙon Allah su samu. Ba alfarma nake nema ba. In kamfaninku yana so na, ya rubuto min da kansa, ba sai ƙanena ya roƙa min ba.

Kana kwana a gidanka, kana cin abincin rana a nawa, kana zaɓa wa kamfani jirgi, kana ba 'yata hula. Me ya rage? Ka faɗa min in aiko maka.

Yayanka.

Daga Dogo zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum, Yaya.

Muna lafiya. Ƙafar Gwaggo ta ɗan tashi, ta sake kwanciya. Wannan ita ce ta biyu da na rubuto tun bayan taka. Ta farko ban san ko ta iso ba, wanda na ba wa an canza masa hanya. Na kira, ba ka ɗauka. Maman Auta ta ce da ita ma gaisuwa kawai kake yi ka ajiye. Wata biyu ke nan.

Ba kanka nake nufi ba, Yaya. Kanka ya fi nawa, kowa ya sani, ni na fi kowa sani. Dokar kamfani nake nufi: ba sa tura wanda ya kusa ritaya koyon sabon jirgi, ko wane ne shi. Na ɗauka ka san haka shi ya sa na gajarta. Na rubuta shi da gaggawa, ya fito da kaifi. Ka yi haƙuri. Jarrabawa kuma sau uku na faɗi, ɗaya na ɓoye maka.

Maganar Auta, na yi kuskure da na yarda na riƙe mata. Amma ka sani duk tambayar da ta yi min, ƙarshenta ɗaya ne: “Baba ya yake yi?” Ni amsa nake bayarwa a madadinka, kuma ban iya muryar ba.

Bari in ba ka labarin aiki, ko ya sauko da kai. An tura mu mu uku mu duba wani Giwa da ake wa gyara a rumfar jirage. Duk abin da ka faɗa a kan ɗakin tuƙi haka yake. Na miƙe tsaye, kaina bai taɓa komai ba, na kusa yin kuka. Na shiga ɗakin hutun da ke bayansa na kwanta. Gadon gajere ne, sai da na naɗe gwiwa, amma ni ko a gidana haka nake fama. Abin da ya burge ni shirun wurin. Tsit, Yaya. Na rufe ƙofa, abokan tafiyata suna ta nemana, ashe barci ya kwashe ni. Sai injiniya ne ya buga ya ce za su kulle rumfa. Na rubuta a rahotona cewa wurin hutu ƙarami ne amma yana da natsuwa, na haɗa da naka “ana kwanciya, ana tashi.” Shi ke nan an rufe wannan babi.

Za a kaɗa ƙuri'a ƙarshen wata, kuma kusan an gama. Kamfani zai rubuto maka da kansa kamar yadda kake so.

Na san ba ka son jin labarin gidanka daga bakina, amma wannan ba mai faɗa maka in ba ni ba. Maman Auta ta sa an yi wa ɗakinku fenti. Ta sayo katifa mai tauri, irin wadda likita ya ce bayanka yake so. Ta hana kowa zama a kai, ledarta ma ba a cire ba. Gwaggo kuma ta fara gaya wa duk wanda ya shigo cewa ka kusa.

Ka amsa ko da zagi ne.

Dogo.

Daga Yaya zuwa ga Dogo

Wa alaikumus salam, Dogo.

Ina lafiya. Allah ya ƙara wa Gwaggo sauƙi. Wasiƙarka ta farko ba ta iso ba, ta biyu ta iso, ta kwana uku a aljihun rigata kafin in amsa. Maganar aji na fahimta, ta wuce. Sauran ba su wuce ba, amma ba su ne suka zaunar da ni ba.

Ka gwada gadon jirgi a ƙasa, inji a kashe, ba fasinja, ba kicin. Dogo. Har ka yi barci. To ai ko a cikin tayar jirgin aka kwantar da kai a rumfar nan, barci za ka yi.

Abin da ke ƙasa ka karanta wa kwamiti, na sa hannu a ƙarshensa.

Ɗakin hutun Giwa yana tsakanin abu uku. Bangon kai na bayan gida ne, bangon ƙafa na kicin, ƙarƙashinsa kuma bututun iska ne. A sama, duk wanda ya shiga bayan gidan nan ya danna, za ka ji kamar an tsotse maka ƙwaƙwalwa ta kunne. Fasinja kuma ba sa gajiya da shiga, musamman bayan an ba su abinci, wato daidai lokacin hutun farko. Ta wajen ƙafa, keken abinci yana dukan bango duk sanda aka tura shi mazauninsa, tanda tana ƙara in ta gama, ma'aikata suna hira. Ba laifinsu ba ne, aikinsu suke yi. Na san sirrin auren mutanen da ban san sunansu ba.

Maɓallin zafi matsayi biyu gare shi, gasa da daskarewa. Bangon da ke jikin jirgi yana sanyi har ya yi raɓa, ɗayan gefen yana zafi, sai ka riƙa juyawa kamar abin da ake soyawa. Iskar ta bushe, kana tashi harshenka kamar kwali, wasu hancinsu har jini yake yi. Ba a zama a kan gadon, rufin yana kusa, da rarrafe ake shiga, wando ma a kwance ake sa shi. Bayana a nan ya lalace, ba a kujera ba.

A dogon zango mu uku ne ko huɗu, muna karɓa-karɓa. A al'adarmu wanda zai sauke jirgi shi ake bar wa hutun da ya fi kyau. A Giwa ba hutu mai kyau, akwai dai wanda ya fi dama. Cikin awa uku, in ka sami barcin da ya kai rabin awa ka gode Allah. Sauran kana kwance ido rufe, kana lissafin yadda za ka gaji.

Ga abin da hakan yake jawowa. Kwanan baya muna gangarowa da rana tsaka, sararin sama fes, hasumiyar filin jirgi ta ba mu tsayin da za mu sauko. Mataimakina ya maimaita. Idona a buɗe, ina kallon allo, hannuna a inda ya kamata. Sai na ji an taɓa min kafaɗa: “Kyaftin, ka ji?” Ban ji ba. Ban san inda na tafi ba, ban san tsawon lokacin ba. Ba abin da ya faru, don haka ake sa mutum biyu a gaba. Na kai rahoto kamar yadda doka ta ce. Ku tambayi duk wanda ya daɗe a kan Giwa, in yana da gaskiya yana da irin wannan labarin. Jirgin lafiyayye ne, ba zai ci amanarku ba. Mutanen da ke cikinsa ne suke isa a gajiye. Abokaina da suka koma Balbela sun ce ɗakin hutunta a sama yake, nesa da kicin, ana zama a kan gado, iskar da ɗan danshi. Ban kwanta a ciki ba. Ku tura mutum ya kwanta, a sama, cikin jirgi cike da fasinja, kafin ku kaɗa ƙuri'a.

Nan ne ƙarshen na kwamiti. Wannan naka ne.

Duk abin da na faɗa a wasiƙar farko gaskiya ne, na dai tsaya inda ya yi min daɗi. Tun kafin manajanku ya ja ka gefe na san abin da zaɓen Giwa yake nufi gare ni, ba yaro ba ne ni. Na ce a raina, ai Dogo ne shugaba, shi da ya iya komai, ya gano da kansa. Na so ka kwanta a gadon nan. Na so ka yi shekara guda kana naɗe waɗannan ƙafafun, kana jin bayan gida a kunnenka, ka san abin da na sha kafin in aiko da kuɗin gyaran famfo. Har yanzu wani ɓangare nawa yana so.

Za ka ce saboda Auta na rubuto, don wata rana ita za ta kwanta a wurin. Na so in ce maka a'a, ko ba ita zan faɗa. Ban sani ba. Abin da na sani, da na karanta “tsit, Yaya,” kunya ce ta fara kama ni, kafin in tuna da kowa. Ni na koya maka aikin nan, kuma sunana yana cikin rahoton.

Kada ka gaya wa Maman Auta. Wannan labarin dai ni zan kai shi gidana.

Yayanka.

Daga Dogo zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum, Yaya.

Muna lafiya. Gwaggo tana takawa har bakin ƙofa.

Ba zan ɓoye maka ba, wasiƙarka ta yi kwanaki a motata. Ba wanda ya san ta zo. Da na bar ta a nan, da yanzu kana haɗa kaya. Na fito da ita na mayar ya fi a ƙirga. Na ce a raina, wasu kamfanonin ai suna tuƙa shi haka nan, ba su mutu ba. Sai na tuna kai zan kalla a kujerar hagu, ta kyaftin, in an kawo jirgin, da irin kallon da za ka yi min.

Na karanta musu. Da na kai wurin gadon rumfa an yi min dariya har da hawaye, yanzu in na shigo ofis sai wani ya sa yatsa a baki ya ce tsit. Da na kai wurin “Kyaftin, ka ji?” ba wanda ya yi dariya. Tsohon kyaftin ɗin nan ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

An ɗage ƙuri'a. An tura ni da wani muka bi jiragen biyu a dogon zango, da izinin masu su, muka kwanta a kowanne. A Giwa ban runtsa ba. Na ji bayan gidan, na ji keken, na ji wata tana ba da labarin surukarta daga farko har ƙarshe. Ina kwance ina tunanin shekarun da ka yi a wurin, mu muna nan muna cewa Yaya yana can yana jin daɗi. A Balbela ƙafafuna sun miƙe har ƙarshe, sai da aka tashe ni.

Kwamiti ya ba da shawarar Balbela. Shugabanni sun yi gunaguni, sun amince. Na je wurin manaja a kan maganarka, ko za a yi maka togiya a dokar shekaru. Ya ce ya so, ba zai iya ba. Na koma, ya sake faɗa.

Ban gaya wa Maman Auta komai ba, amma na ga alamar kun yi magana. Da na je ta gaishe ni, ta kawo min ruwa, ba ta zauna ba. Ina jin tana ganin ni na hana ka dawowa. Ban yi gardama ba.

Abu ɗaya zan iya. Balbela za ta riƙa zuwa inda kake. In ka tashi hutu ka biyo jirgina, in mun daidaita a sama in shigar da kai ɗakin hutun ka kwanta, ko sau ɗaya.

Dogo.

Daga Yaya zuwa ga Dogo

Wa alaikumus salam, Dogo.

Lafiya lau, ni da maƙwabcina, bayan nan nawa. Na ji daɗin labarin Gwaggo. Ka ce mata “ya kusa” ɗin nan ta ɗan ja shi, kada ta yar.

Fasinja ba ya shiga ɗakin hutun matuƙa. Ka san dokar, ni na koya maka. Shugaban kwamiti guda. Zan biyo jirginka, in zauna a kujerar da na saya, in ci abin da aka ba ni, in lura da yadda za ka sauke shi. A nan ne za ka ji daga gare ni.

Kun yi zaɓi mai kyau. Na sa hannu a sabon kwantiragi a nan, zan ƙarasa a kan Giwa, ni da shi mu yi ritaya tare. Da ma ba ka rubuto layin nan ba, na “ƙafafuna sun miƙe har ƙarshe.” Na karanta shi a kwance a inda ka sani, gwiwata tana taɓa bangon kicin. Har yanzu ina jin haushinka. In ya wuce zan sanar da kai, amma kada ka zauna jira.

Na gaya wa Maman Auta komai, har da cewa ba kai ba ne. Ta ce, “Wato kai da hannunka.” Na ce eh. Ta ce, “To katifar fa?” Na ce ta cire ledar ta kwanta a kai, in na zo hutu in same ta ta yi laushi. Ta ce ai don kada ta yi laushi aka saye ta. Daga nan muka koma maganar fenti. Za ta huce da kai, ka ba ta lokaci. Ni ne dai ban san ranar tawa ba.

Auta ta rubuto min. Da hannunta, shafi biyu, rubutun kamar na uwarta. Ta ce ta cusa takarda a cikin hulata, yanzu tana zama. A ƙarshe ta yi min tambaya. Ta ce an fara koya musu yadda ake karɓa-karɓa a dogon zango, abin da ta kasa ganewa shi ne yadda mutum zai tashi daga kujera, ya shiga wani ɗaki ya rufe ido, alhali jirginsa yana hannun wani.

Ban san ko ta riga ta yi maka wannan tambayar ba. In ta yi, kada ka gaya min.

Na amsa mata cewa ba ya zuwa da sauƙi, ni har yau da kunne ɗaya nake kwanciya. Amma kafin ka tashi kana duban wanda ka bari a kujerar. In ka san shi, ka san wanda ya koya masa, sai ka tafi ka kwanta, ko ranka bai so ba.

Maman Auta ta ce famfon ya fara ɗiga kuma. Ka leƙa.

Yayanka.